Usman ko Uthman? Amsa ga wanda ya tambaya kan sunan ɗansa

Wani bawan Allah ne ya aiko da tambaya. An yi masa haihuwa, ya raɗa wa yaron suna Usman. Bayan suna da 'yan kwanaki sai wani abokinsa da ya yi karatu a ƙasar Larabawa ya faɗa masa magana biyu da suka tsaya masa a rai. Ta farko, wai "Usman" kuskure ne, daidai shi ne "Uthman", kuma haka ya kamata ya rubuta a takardar haihuwa. Ta biyu, wai ma'anar sunan a Larabci ɗan maciji ce. Yana son ya ji yadda ake furta sunan a asali, da abin da yake nufi, da mutanen da suka yi fice da shi, sannan ko akwai dalilin da zai sa ya canja.

Malam, barka da arziki, Allah ya raya Usmanu, ya shirya maka shi. Kada ka canja komai. Abokinka bai yi ƙarya ba a duka maganganun biyu, sai dai kowacce rabinta ya kawo maka, ya bar rabin a can inda ya yi karatu.

Bari mu fara da furuci, tun da nan ne rigimar ta fi yawa. A Larabci sunan harafi biyar ne: عثمان. Ainun mai rufu'a, sa'un mai ɗigo uku mai ɗauri, mimun da alif ke ja, sai nunun. Gaɓa biyu ce, kuma ta biyun ake ja, "maan". Haruffa biyun farko su ne matsalar duk wanda ba Balarabe ba. Ainun daga tsakiyar maƙogwaro take fita, ana ɗan matse shi. Harafi na biyu kuwa sai ka sa kan harshenka a gefen haƙoran gaba na sama, ka bar iska ta wuce ba tare da amo ba. Hausa ba ta da ko ɗaya daga cikinsu. Farisanci ba shi da su, Turkanci ba shi da su, Urdu ma haka. Saboda haka kowace al'umma da ta karɓi sunan sai ta lanƙwasa shi yadda bakinta zai iya ɗauka.

Rubutun "Uthman" da abokinka ke so, Turawan Ingila ne suka zo da shi, don su a harshensu suna da wannan sauti na kan harshe, kuma da "th" suke rubuta shi. Ga mai karanta Ingilishi rubutun ya yi aikinsa. Ga Bahaushe kuwa, a bokonmu "t" daban "h" daban, shi ya sa za ka ji ana kiran mai wannan rubutu "Utman" ko "Utuhuman" a layin asibiti ko wurin tantance ɗalibai. An gudu daga "s" don neman daidai, an faɗa wa "t", wadda ba ta fi ta kusa da asali ba. Sannan ko "Uthman" ɗin ma ya bar ainun a baya, sai dai in an sa mata 'yar alama a gaban U kamar yadda ake yi a littattafan jami'a, alamar da babu ma'aikacin da zai buga maka ita a katin shaida. Ka ga ke nan babu rubutun boko da ya kamo sunan gaba ɗaya. In mutum ya ce naka kuskure ne nasa daidai, ka ce ya furta ainun ka ji.

Akwai wani abu mai daɗi a yadda Hausa ta yi da wannan harafi mai ɗigo uku, kuma ina son ka lura da shi don zai kwantar maka da hankali. Kalmomin Larabci masu shi sun shigo mana ta ƙofa biyu. Waɗanda suka shigo ta bakin fatake da matafiya, daga Larabcin da ake magana da shi a arewacin Afirka, sun zo da "t": Litinin, Talata, talatin, tamanin, tabbata. Waɗanda suka shigo ta hannun malamai da littafi sun zo da "s": hadisi, misali, wasiƙa, da sunaye irin su Sani, Salisu, Saminu, Sabitu, Harisu. Wani sunan ma ta ƙofa biyun ya shigo, shi ya sa muke da Kulsum kuma muke da Kaltume, alhali Kulsum ɗaya ce a Larabci. Usman yana cikin rukuni na biyu, na malamai. Duk wanda ya ce sai an mai da shi Uthman, to ya shirya mai da Malam Sani ya koma Thani, ranar Talata kuma ta koma Thulatha. A ajami ma akwai ƙofa ta uku, don magabatanmu sun ari wannan harafi suna rubuta sautin "c" da shi, kamar a "ciki" da "cuta", tun da Larabci ba shi da "c" kuma Hausa ba ta da aikin da za ta ba harafin.

Su kansu Larabawan ba baki ɗaya suke ba. A yankin Najadu da ƙasashen bakin Tekun Fasha da Iraƙi ana fitar da harafin yadda littafi ya ce. A Alƙahira da Khartum "Osman" za ka ji da "s", a ƙauyukan Masar kuma akwai masu cewa "Itman". A Maroko "t" ce ta yi rinjaye, suna rubutawa Othmane ko Otman a bokon Faransa, kamar sunan gidan Sa'aduddin al-Usmani wanda ya yi firaministan ƙasar daga 2017 zuwa 2021. In ka fita ƙasashen Larabawa, Turkawa da mutanen Bosniya Osman suke cewa. A Senegal da Mali da Gine ana rubuta Ousmane, don a rubutun Faransanci "ou" ita ce "u" ɗinmu, kuma ana ƙara "e" a ƙarshe don kada a haɗiye nunun. A gabashin Afirka masu Suwahili suna da Athumani. Somaliyawa, da yake harshensu yana da ainun, sun ware mata harafin "c" a bokonsu, sai suke rubuta Cismaan, kuma haka sunan shugabansu na farko, Adan Abdulle Usman, wanda ya mulki ƙasar daga 1960 zuwa 1967, yake a rubuce a wurinsu. Duk suna ɗaya ne.

Inda ba a wasa da bambancin harafin nan da sinun shi ne karatun Alƙur'ani, don can ma'ana tana juyawa. "Ismun" da sinun suna ne, amma da mai ɗigo uku zunubi ne. Wannan ya wajaba yaro ya koya a gaban malami. Sunan Usman kuwa bai zo a Alƙur'ani ba, don a cikin sahabbai Zaidu ne kaɗai aka ambata da sunansa, a Suratul Ahzab. Kiran yaro a tsakar gida ba tilawa ba ce.

Wasalin "u" da muke ƙarawa mu ce Usmanu, ko Usumanu a bakin Sakkwatawa, shi ma ba ƙari ba ne na jahilci. Rufu'ar Larabci ce ta ƙarshen suna muka riƙe, kamar a Umaru da Aliyu da Halidu. A nan ma ɗaliban nahawu suna da abin lura. Usman yana cikin sunayen da ba sa karɓar tanwini, saboda sunan yanka ne kuma yana ƙarewa da alif da nunun na ƙari, kamar Salman da Marwan da Imran. Shi ya sa ake cewa "Usmanu", ba a cewa "Usmanun", kuma in harafin jarra ya shige shi wasalin bisa yake ɗauka. Wanda ya yi karatun hadisi a zaure ya saba jin "an Usmana bni Affana". Na sha gyara wa ɗalibai "an Usmani", kuma a ganina wannan kuskuren ya fi cancantar a damu da shi fiye da rigimar "s" da "th". In Larabawa za su ƙanƙanta sunan don shagwaɓa sai su ce Usaiman, kuma daga irin wannan juyi ne sunan gidan Shaihu Muhammad bin Salih al-Usaimin na garin Unaiza, wanda ya rasu a 2001, ya fito: wani kakansa Usman ne aka riƙa kira haka har ya bi zuriya.

Yanzu maganar maciji. Gaskiya ne manyan ƙamusoshin Larabci sun kawo ta. Abin da suka fi farawa da shi dai shi ne "usman" tsakon hubara ne, wata tsuntsuwar hamada mai gudu a ƙasa, dangin tujen da muka sani, wadda har yau sarakunan Larabawa ke farautarta da shaho. Bayan haka suka ce ana kiran ɗan maciji ma da wannan kalma. Tushen kalmar kuma, ainun da sa'un da mimun, ana amfani da shi ga ƙashin da ya karye ya ɗoru ba a miƙe ba. Ka ga dai babu ɗaya a ciki da za ka rubuta a katin gayyatar suna.

Sai dai haka Larabawan farko suke raɗa suna. Mutanen daji ne, abin da ke kewaye da su suke ɗauka. Bakar ɗan raƙumi ne. Hafs ɗan zaki. Uwais ƙaramin kyarkeci. Sa'alaba dila ce mace. Hanzala sunan wani ɗan itace ne mai ɗacin tsiya, Sakhar kuma dutse. An ruwaito cewa an tambayi wani Balaraben ƙauye me ya sa suke ba 'ya'yansu sunaye masu kaushi, bayinsu kuma masu daɗi, ya ce 'ya'yansu don maƙiya suke raɗa musu suna, bayi kuwa don kansu. Bahaushe bai kamata wannan ya ba shi mamaki ba, shi da ke da Ɓarau da Bawa da Ajuji, kuma ya san dalilin kowanne.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wurina ita ce wannan. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasance yana canja suna in ya ga muninsa. Ya mai da Asiya ta ainun da sadun, mai ma'anar mai saɓo, ta koma Jamila. Ya canja Barra, don akwai yabon kai a ciki, ta koma Zainab. Ya nemi ya mai da Hazn, wato mai tsauri, ya koma Sahal, mutumin ya ce ba zai bar sunan da ubansa ya sa masa ba, jikansa Sa'idu bin Musayyib ya ce tun daga nan tsaurin bai bar gidansu ba. To ga shi yana zaune da Usmanu ba ɗaya ba ba biyu ba, ɗaya ma surukinsa ne har sau biyu, bai taɓa ce wa ɗayansu ya sauya ba. Abin da ya gani ya bari, ba mu da hurumin ƙyamarsa saboda wani layi a ƙamus.

Wanda sunan ya fi tafiya da shi, ba sai an faɗa ba, shi ne Sayyidina Usmanu bin Affan, Allah ya yarda da shi. Ɗan gidan Banu Umayya ne, amma ta wajen uwa jininsa ya haɗu da na Annabi, don kakarsa Ummu Hakim al-Baida'u 'yar Abdulmuɗɗalib ce. Ya musulunta a hannun Sayyidina Abubakar tun farkon al'amari, ya yi hijira zuwa Habasha da matarsa Ruƙayya 'yar Manzon Allah. Bai halarci Badar ba saboda jinyarta, aka ba shi rabon wanda ya halarta. Da ta rasu aka aura masa ƙanwarta Ummu Kulsum, daga nan laƙabin Zun-Nuraini, mai haske biyu, ya samo asali. Shi ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa Musulmi, shi ya ɗauki kaso mai tsoka na shirya rundunar Tabuka a lokacin tsanani. A Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan hijira, shi aka aika Makka, kuma jita-jitar kashe shi ce ta jawo mubaya'ar da aka yi a ƙarƙashin itaciya. Halinsa da ya fi shahara kunya ce, har hadisi ya zo cewa mala'iku suna jin kunyarsa.

Ya riƙe halifanci shekara 12, daga 644 zuwa 656 miladiyya, ya fi sauran halifofi ukun daɗewa. A zamaninsa Musulmi suka fara yaƙi a teku suka kai Ƙubrus, aka faɗaɗa masallacin Madina, aka ƙara kiran salla na farko ranar Juma'a da garin ya girma. Babban aikinsa shi ne tara mutane a kan mushafi guda. Huzaifa bin Yaman ne ya dawo daga fagen yaƙi a Armeniya da Azarbaijan ya ce masa ya ceci al'umma kafin su saɓa a kan Littafi. Sai ya aika wa Hafsa ta ba da takardun da aka tara a zamanin Abubakar, ya sa Zaidu bin Sabit da Abdullahi bin Zubair da Sa'idu bin As da Abdurrahman bin Haris suka kwafa, aka rarraba wa manyan garuruwa. Ƙarshensa kowa ya sani: 'yan tawaye suka kewaye gidansa, ya hana a zubar da jini dominsa, aka kashe shi a Zulhajji na shekara ta 35 bayan hijira yana da fiye da shekara 80, har aka yanke yatsun matarsa Na'ila tana kare shi. Aka kai rigarsa mai jini Dimashƙa aka rataye a mumbari. Daga nan Larabci ya sami karin maganar da har yau 'yan jaridarsu ke amfani da ita, "rigar Usman", wato wani abin tausayi na gaskiya da aka mai da shi tutar neman wata biyan bukata.

Amma ba shi kaɗai ba ne a cikin sahabbai, kuma sauran ba a cika ba su haƙƙinsu ba. Usmanu bin Maz'un ya haramta wa kansa giya tun kafin Musulunci, ya kai ga neman izinin ƙaurace wa aure don ibada, Manzon Allah ya hana shi. Shi ne na farko cikin Muhajirai da aka binne a Baƙi'a, kuma Annabi da hannunsa ya ɗauko dutse ya sa a kabarinsa don ya gane shi. Usmanu bin Ɗalha shi ne mai riƙe da mabuɗin Ka'aba. Ranar da aka ci Makka, shekara ta 8, aka karɓa aka buɗe ɗakin, sannan aka mayar masa, daga baya ya koma hannun ɗan baffansa Shaiba, kuma zuriyar Shaiba ce ke riƙe da shi har gobe. Usmanu bin Abil As, yana matashi, aka ba shi limanci da shugabancin mutanen Ɗa'ifa. Usmanu bin Hunaif shi Sayyidina Umar ya aika ya auna gonakin Iraƙi don tsara haraji. Wanda mutane suka fi mamaki in na faɗa musu shi ne Abu Ƙuhafa, mahaifin Sayyidina Abubakar: sunansa na yanka Usman. Wato halifa na farko Abdullahi ɗan Usman ne. Tsohon ya musulunta ranar cin Makka, ya kuma riga ya ga rasuwar ɗansa kafin tasa.

Za ka ji ana cewa 'yan Shi'a ba sa sa wannan suna, kuma lallai ya yi ƙaranci a cikinsu saboda matsayinsu kan halifofi uku. Duk da haka littattafan Sunna da Shi'a sun kawo cewa Sayyidina Ali yana da ɗa mai suna Usman, wanda aka kashe tare da Husaini a Karbala, kuma na farko cikin wakilai huɗu na imami na ƙarshe da 'yan Shi'a masu bin imamai goma sha biyu ke girmamawa sunansa Usman bin Sa'id al-Amri.

Wurin da na fi son in tsaya shi ne alaƙar sunan nan da mushafi, don abin yana ba ni sha'awa kuma yana rikita mutane. Ɗauki Alƙur'ani bugun Madina na riwayar Warshu. Tsarin rubuta kalmominsa, inda aka bar alif da inda aka ƙara wawun, shi ake kira rasmul Usmani, an jingina shi ga halifa na uku. Riwayar da ke ciki ta Warshu ce, kuma Warshu laƙabi ne, sunansa Usman bin Sa'id, mutumin Masar, an haife shi a shekara ta 110 bayan hijira, ya tafi Madina ya yi karatu wurin Imam Nafi'u, ya rasu a 197. Malaminsa ne ya laƙaba masa Warshu, wasu suka ce saboda tsananin farinsa, wasu suka ce daga sunan wata tsuntsuwa ce mai kama da kurciya. In na biyun ne, to mutumin sunan tsuntsu ya bi shi ciki da waje. Ƙa'idojin rasmun kuwa, ɗaya daga manyan waɗanda suka tattara su shi ne Abu Amr ad-Dani na Andalus, mai littafin al-Muƙni'u da at-Taisir, wanda ya rasu a 444, shi ma sunansa Usman bin Sa'id. Hannun da ya zana shafukan kuma na Usman Ɗaha ne, mutumin Siriya daga yankin Halab, haifaffen 1934, wanda ya daɗe yana rubuta mushafi wa cibiyar buga Alƙur'ani ta Sarki Fahad. Usmanu huɗu ke nan a kan littafi ɗaya, tsakanin na farko da na ƙarshe shekara fiye da 1,300. Na taɓa jin wani yana wa'azi yana cewa rasmul Usmani rubutun Usman Ɗaha ne, wani kuma ya ce na Turkawan Usmaniyya ne. Duka biyu kuskure ne, na halifa ne.

A sauran fannoni ma haka sunan ya ɓuya a bayan laƙabi. Ibnu Jinni na Mausil, mai al-Khasa'is, wanda ya rasu a 392 bayan hijira, Usman ne. Ibnus Salah mai Muƙaddimar da duk ɗalibin ilimin hadisi ke bi ta kanta, ya rasu a 643 bayan hijira, Usman ne. Ibnul Hajib, Bamalike, mai Kafiya a nahawu da Shafiya a sarfu, ya rasu a Iskandariyya a 646 bayan hijira, shi ma Usman ne, kuma taƙaitaccen littafinsa na fiƙihu ne Shaihu Halil ya yi wa sharhi kafin ya rubuta nasa Mukhtasar ɗin da malamanmu ke karantarwa. Mahaifin Sibawaihi sunansa Usman, alkunyar Jahiz kuma Abu Usman.

Daga malamai sai masu mulki, kuma a nan akwai wata rikitar da ta shafi Bahaushe kai tsaye. In aka ce "Daular Usmaniyya" sai ka tambaya wacce, don biyu ne. Ta Turkiyya ta ɗauki sunan Osman na farko, shugaban wata ƙaramar masarauta a yammacin Anadol wanda ya rasu wajen 1324. Jikokinsa suka ci Ƙusɗanɗiniyya a 1453, sarautarsu ta kai 1922, aka soke halifancinsu a 1924. Kalmar da Turawa ke kiran daular da ita, Ottoman, sunan nan ne ya bi ta bakin mutanen Italiya ya fito haka, wato ga "t" ta sake dawowa. Wasu masana tarihi suna ganin asalin sunan mutumin na Turkanci ne, wani abu kamar Atman, daga baya aka daidaita shi da na halifa, suna kafa hujja da yadda marubutan Rumawa na zamaninsa suka rubuta shi. Har zuwa 1928, lokacin da Turkiyya ta koma rubutun boko, da haruffan Larabcin nan biyar suke rubuta shi ko da yake Osman suke furtawa. Sarakuna biyu bayansa sun ci sunan, na farkonsu, wato Osman na biyu, yana saurayi sojojinsa suka kashe shi a 1622. A Indiya ma sarkin Haidarabad na ƙarshe Mir Osman Ali Khan ne, kuma jami'ar Osmaniya da aka kafa a 1918 sunansa ta ɗauka. A gabashin Sudan akwai Usman Diƙna, kwamandan Mahadi da ya addabi sojojin Ingila da Masar a kewayen Sawakin.

Ɗaya daular kuwa ba sai na yi maka dogon bayani ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo an haife shi a Maratta a 1754, ya zauna a Ɗagel, ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, aka gwabza a Tabkin Kwatto a shekarar, Alƙalawa ta faɗi a 1808, ya rasu a Sakkwato a 1817. Cikin malamansa na farko ma akwai wani Usman, wato baffansa Usman Binduri. Abin da ya shafi tambayarka shi ne abin da girmansa ya yi wa sunan. Saboda kunyar ambaton sunan babban mutum gatsau, sai aka riƙa kiran yaran da aka sa wa Usman da Shehu, har laƙabin ya zama kamar sunan yanka. Shugaban Najeriya daga 1979 zuwa 1983, Alhaji Shehu Shagari, Usman ne sunansa. Wannan abu namu ne, Balarabe in ka ce masa duk Usman Shehu ne ba zai gane inda ka dosa ba, don shi a wurinsa shaihu dattijo ne ko malami ko shugaban ƙabila. Muna kuma da Manu da Mani a matsayin gajerun kira. Sarakuna sun ci sunan da yawa: Kano ta yi Usman biyu a zamanin Fulani, na farko daga 1846 zuwa 1855, na biyu daga 1919 zuwa 1926, Katsina kuma ta yi Usman Nagogo daga 1944 zuwa 1981.

Na zamani ba sai na tsawaita ba, yaranka sun fi ni saninsu. Ousmane Sembène na Senegal, wanda ya rasu a 2007, ana kiransa uban fim ɗin Afirka. Ousmane Dembélé ɗan ƙwallon Faransa ya karɓi kyautar Ballon d'Or a 2025. Kamaru Usman ya riƙe kambun gasar faɗa ta UFC, Usman Khawaja kuma ya buga wa Ostareliya kurket. Dubi yadda rubutun ya bambanta a tsakaninsu, kuma babu wanda ya ce wa ɗayansu sunansa ba daidai ba ne.

Abin da zan ba ka shawara a kai shi ne takardu, don nan ne mutane ke shan wahala ta gaske. Zaɓi rubutu ɗaya ka tsaya a kansa, daga takardar haihuwa zuwa ta makaranta zuwa fasfo. Ni da zan zaɓa maka, Usman zan ce, don shi kowa zai karanta daidai a inda yaron zai tashi. In kana sha'awar Uthman babu laifi, amma kada ya zama Usman a firamare, Uthman a sakandare, Othman a jami'a, don kwamfuta ba ta san cewa mutum ɗaya ba ne, kuma gyaran suna a takardar shaida aiki ne mai cin lokaci. In kuma wata rana za a rubuta masa suna da Larabci, a takardar makarantar Islamiyya ko ta neman karatu a waje, ka duba da idonka a ga an fara da ainun an bi da mai ɗigo uku. Na ga takardun da aka juya "Usman" daga boko harafi da harafi, aka rubuta alif da sinun, abin da ya fito ba suna ba ne a Larabci, wani ma'aikacin ma sai ya ɗauka Usama ake nufi, alhali Usama suna ne daban, da hamza da sinun, ɗaya daga sunayen zaki.